An Rufe Boda da Famfon Maigida a Buhuna

Kai mai jar hula, ajiye wayar nan tukuna. Tun ɗazu nake jin ku, wai sana'ar sifiya, sayar da kayan gyaran mota, yanzu ta zama wasan yara: ka ɗauki hoton ƙarfe, ka tura Kwatano, a sako maka shi a mota kana zaune kana kurɓar shayi. To, madalla! Wanda bai taɓa ɗauko ƙarfe tun daga bakin teku har Rano ba, ya zo ɗaurawa ya ga noti uku sun shiga na huɗu ya ce bai san zance ba, shi ne zai faɗi haka. Ku gyara zama. Yau kasuwa ta yi sanyi, ni kuma bakina ya buɗe.

Aiken farko da aka yi mini zuwa ƙetare, boris ne, zoben ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansa, na wata tsohuwar a-kori-kura mai jigilar dawa daga Dawaki. Lokacin ina shekara ta huɗu a hannun Maigida, Alhaji Isyaku mutumin Fassi, wanda rumfar nan da kuke zaune a ciki asali tasa ce. Daga Lausu babana ya kawo ni ya damƙa masa, ya ce ga shi nan, fartanya ta ƙi shi. Shekara uku ba abin da nake yi sai wanke ƙarafa da fetur, har hannuna ya yi kanta. Ranar da ya ce in shirya zan je Maraɗi, ya miƙo mini tsohon boris ɗin, baƙi ƙirin da giris, ya ce ga samfur. Ni kuwa na ci ado da rigata ta Sallah. Na dubi riga, na dubi giris, sai na tura samfur ƙarƙashin benci, na ce ai na haddace shi.

Na je, na sayo, na dawo ina taƙama. Maigida ko murya bai ɗaga ba. Ya sa hannu ƙarƙashin benci ya jawo tsohon, ya ɗora mini shi a dama, sabon a hagu, ya ce, "Rufe idonka, ɗan Lausu. Zura yatsa a kowanne." Na zura. Wallahi bambancin bai kai kaurin farce ba, amma yatsa ta ji shi. Ya ce, "Kama da wane ba ta wane. Koma." A ranar na koma, da rigar Sallar a jikina, ya rataya mini samfurin a wuya da kirtani kamar laya, 'yan tasha suna ta ƙyaƙyata dariya. Tun daga nan na riƙe doka ɗaya, ita ce dokarsa: ba samfur, ba tafiya.

Jakar can da ke rataye, da ita nake shiga kasuwar Kwatano yau shekara talatin da ɗoriya. Kwalbar fetur ce a ciki, da tsohon buroshin goge baki, tsumma, tocila, ma'aunin ƙarfe, da ɗan gwangwanin jan fenti. Kun san kayan can duk 'yan Beljiyam ne, na hannu, an ciro su daga motocin da Turawa suka gaji da su. Sai a wanke, a fesa baƙin fenti, ƙarfe ya fito yana sheƙi kamar ango. Kai kuma ka tsuguna a rana, ka zuba fetur ka goge, ka haska tocila a kowane lungu, don tsaga ƙarƙashin fenti take ɓuya. Ka girgiza a kunne. Ka sansana, ƙarfen da ya taɓa ƙonewa warinsa ba ya fita. Wanne a ciki waya za ta yi muku? Jan fentin kuwa na samfur ne. Samfurinka zai bi hannun dillali goma kafin la'asar, in ba ka yi masa shaida ba, akwai wanda zai wanke shi tas ya dawo ya sayar maka da abinka. An yi wa wani mutumin Kibiya, sai da ya iso gida ya gane, har ya mutu ana tsokanarsa da zancen.

Masu saye kuwa, Allah ya ba ku haƙurinsu. Direban haya zai zo a guje, fasinja cike da mota, ya ce, "Malam Ado, kowanne ne ɗaura min, in dai zai kai ni Kano." In ya karye a hanya, sunanka za a kira a tasha, ba nasa ba. Wani ya kawo maka rabin ƙarfe a leda, ɗaya rabin ya faɗi a dajin Falgore, ya ce ka ƙiyasta. Alhazai kuma kwatance suke aikowa: wai abin nan mai kama da kunnen tukunya da ke gefen inji. Duk waɗannan na iya da su.

Ku da kuka girma a garin nan kun ga farar motar nan mai tudun kai da ake ce wa Soro. Ni na gano ta a filin motoci a Kwatano. Irin wadda Turawa ke tafiya hutu da ita ce, su bar gidajensu su je bakin ruwa ko gindin dutse su kwana a ciki, ƙoshi ya yi musu yawa. Akwai gado a ciki, gado sosai mai katifa, da wurin wanke hannu, da murhu, da ɗan banɗaki. Ina ganinta Maigida ya faɗo mini a rai. A lokacin ya bar kasuwa ya koma gida Fassi. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ƙugu ya goce a wata faɗuwa da ya yi, ga ƙoda ta daina aiki, sai an kai shi Kano an wanke masa jini a inji kowace Talata da Asabar. Likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in aka tsallake sau biyu, sau uku, ruwa zai taru ya hau ƙirji. Mutum ne ƙato, zama kuma ya gagare shi. Duk tafiyar da aka yi da shi a ƙaramar mota sai ya kwana biyu yana nishi.

Na kira ɗansa Nasiru, wanda a gabana aka haife shi, na ce ga magani na gani. Ya saya. Ranar da ta shigo Fassi har mata sai da suka leƙo ta katanga. Aka kwantar da Maigida a gadon, ya kalli rufi, ya ce, "Ado, wannan ai soro ne aka sa wa taya." Sunan ya bi ta. Shekara biyu tana kai shi tana dawo da shi, yana kwance yana jan carbi, wani lokaci har barci yake yi.

Amma mota ce mai wuyar sha'ani. Inji na wani kamfani, ɗakin wani kamfanin daban ya ɗora, ba abin da ke jikinta da za ka samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Ɗan injin da ke tura ruwa zuwa wurin wanke hannu ya taɓa mutuwa, abu bai fi dunƙulen hannu ba. Kwana biyu ina kewaya kasuwar Kwatano da shi a aljihu ana yi mini dariya, sai a wurin wani Bazabarme mai suna Mamman na same shi, cikin buhun tarkace, shi kansa bai san na mene ne ba. Mariƙin taga, makullin ƙofar gefe, ƙugiyar da ke riƙe gado kada ya zame in an taka birki, kowanne sai da na tsallaka boda da samfurinsa. Mamman ya zama mutumina. In an kawo irinta za a farfasa, sai ya ware mini abin da ya ga zan so.

Daminar shekarar da aka rufe boda, famfon injekta ya fara ciwo. Shi ke raba wa injin dizal mai daidai wa daida, in babu shi mota kango ce. Da safe sai an daɗe ana murza makulli kafin ta tashi, tana baƙin hayaƙi, ga ɗigon mai a ƙasa. Wata Asabar da la'asar, suna dawowa daga Kano, na je Fassi na buɗe na duba. Ɗan allon lambar da ke jikin famfon ya goge sumul, ko harafi ɗaya ba ka gani. Irin wannan famfo kuwa kala huɗu na sani, a ido duk uwa ɗaya uba ɗaya, bambancin yana haƙora da bakin waya.

Na ce da Nasiru zan cire in tafi da shi.

Ya ce, "Yaya Ado, in ka cire ai motar ta kwanta. Talata fa?"

Na ce Talata ɗaya ce, a samo bas a cire kujeru a shimfiɗa katifa. Kafin Asabar na dawo na ɗaura.

"Ka ɗauki hotonsa ta ko'ina mana. Ko ka auna ka rubuta. Yana aiki fa, Yaya. Wahalar tashi ce kawai."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Wanda aka haifa a gabana, yau shi ke koya mini sayen ƙarfe! Na ce yau wahalar tashi, gobe mutuwa a tsakiyar hanya da marar lafiya a ciki, rigakafi ya fi magani. Muna ta ja-in-ja a ƙofar gida, sai muka ji muryar Maigida daga cikin motar, don ba a riga an sauko da shi ba.

"Nasiru! Bar shi ya cire. Ni na koya masa. Hoto ai na 'yan mata ne."

Kafin magariba na kwance famfon da hannuna. Na toshe bakin bututai da leda, na yi wa haƙori shaida yadda zan mayar daidai, na goge gefensa na rubuta RANO da jan fenti. Maigida ya sa aka kai masa, ya shafa da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Kwana nawa?" Na ce shida. Ya ce, "Shida. Na ji."

Lahadi da asuba na kama hanya, Litinin da yamma na tsallaka ta Legas yadda na saba, ba takarda ba komai, fuska ta saba da fuska. Talata kafin azahar Mamman ya kai ni bayan wani shago ya yaye tamfol, ga inji irin na Soro sak, ko wata guda bai yi da sauka daga jirgi ba. A gabana aka kwance famfonsa. Na jera su biyun a kan kwali, na ƙirga haƙora, na gwada bakin waya, na rufe ido na zura yatsa. Ɗaya ne. Tunda nake ban taɓa samun kaya da sauƙi haka ba. Ina naɗe su a buhu sai na ga kasuwa ta hargitse, kowa waya a kunne. Mamman ya je ya dawo ya ce, "Malam Ado, ƙasarku ta rufe ƙofa. Wai ko allura ba ta shiga."

Dariya na yi. Sau nawa aka rufe a gabana? Kwana biyu, kwana uku, a buɗe. Laraba na isa boda, dariya ta tsaya. Manyan motoci sun yi layi har ido ya gaza, tumatir da abarba suna ruɓewa, wari ya cika gari, ruwan sama yana dukan mutane. Masu kakin da muka saba da su babu ko ɗaya, an kawo sababbin fuskoki. Mutum shi kaɗai, in ya yi sa'a, ya wuce da rigar jikinsa. Kaya kuwa, ko ƙulli ne, a ajiye. Ni ga buhuna da ƙarfe biyu, dukansu tsofaffi, dukansu baƙi da mai. Da zan zubar da su in wuce, da tun ranar na wuce. Amma in je Fassi in ce me? Sabo babu, tsohon ma babu?

Na samu wata rumfa kusa da masallacin direbobi na rakuɓe. Kowa ka tambaya, gobe za a buɗe. Direba ya ce ɗan'uwansa da ke Abuja ya tabbatar masa gobe ne. Mai shayi ya ce gobe. Ni ma da Nasiru ya kira, abin da na sayar masa ke nan.

Ya ce, "Yaya, Talatar nan ba ta yi daɗi ba. Bas ɗin duk ƙafafunta sun mutu, ga ruwa ya cinye hanya. Tun kafin Kibiya yake salati, a Rano ya yi amai, da muka isa jininsa ya yi ƙasa, sai da suka jira kafin su ɗora shi a inji. Ya rantse ba zai sake shigarta ba."

Na ce a rarrashe shi, Asabar dole a je.

Asabar ta zo, ya ƙi. Matarsa Hajiya Dije ta yi kuka, limamin unguwa ya zo ya yi nasiha, sai Maigida ya ce da su, "Ado ya ce shida. In ya ƙara ɗaya, hanya ce." Ku fahimta, Alhaji Isyaku ba mutumin da ake ɗauka cak ba ne, ko da rabin jiki ne. In ya ce a'a, duk gidan ba mai ƙarfin halin taɓa shi.

Lahadi da hantsi Nasiru ya sake kira, muryarsa ta canza. "Ƙafafunsa sun kumbura, Yaya. Ba ya iya kwanciya sai an jingina shi. Maganarka kaɗai yake ji. Zan sa masa waya a kunne, don Allah ka ce masa ba ranar dawowarka, ya shiga bas." Na ce to. Wallahi na ce to, kuma da niyyar gaya masa na ce. Na ji an matsar da waya, na ji numfashinsa kamar ana jan zarto a ɗanyen itace.

"Ɗan Lausu."

"Na'am, Maigida."

"Ka samu?"

"Na samu. Sak."

"Madalla. Yaushe?"

Shekara arba'in ina gaban mutumin nan, ban taɓa buɗe baki na ce masa na kasa ba. Ba haka aka raine mu ba. In maigidanka ya aike ka, ko dai ka dawo da abu, ko ka ce kana hanya. Bakina ne ya riga ni. Na ce, "Gobe, Maigida, da yardar Allah."

Ya ce, "Kun ji ko?" Ba da ni yake ba.

Nasiru ya karɓi wayar ya kashe.

Daga nan na zama kamar mahaukaci. Na bi 'yan acaɓa masu ratsa daji, sau biyu muna juyowa a guje, a na biyun har ƙarar bindiga na ji. Na je wurin masu kwalekwale, suka ce su ma an tsare su. Sai na hau mota na yi arewa, tafiyar yini da kwana, zuwa wata ƙaramar mashiga da na sani ta wajen ƙasar Bargu, ko can da sauƙi. Talata ta wuce ina hanya. Ban kira ba, su ma ba su kira ba. Kunya ce ta hana ni, ba rashin kati ba.

Alhamis da safe na tsaya gaban shingen, na ajiye dabara. Na je kai tsaye wurin wani dogo mai furfura a saje, da Hausa a bakinsa. Na zazzage buhu a gabansa, na gaya masa komai, har da wankin ƙoda. Ya saurare ni har ƙarshe. Ba mugu ba ne, kada ku je ku ce na ce mugu ne.

Ya ce, "Baba, umarni aka ba mu, kayan waje ba ya shiga. Ga na sama da ni can a mota yana kallo. Amma ka ce ɗaya daga gida ka fito da shi. Wannan ba kayan waje ba ne. Ɗauki naka ka wuce."

Murna ta kama ni. Ƙarfe biyu iri ɗaya, wa zai bambance? Na miƙa hannu zan ɗauki sabon. Sai ya sa sandarsa ya juya ɗayan, jan fenti ya fito ɓaro-ɓaro. Ya dube ni, na dube shi.

"Wannan ne naka, Baba. Har da sunan garinku."

Kwana tara ina yawo da kwalbar fetur da tsumma a jaka, shafa biyu ta isa ta goge fentin nan. Ban goge ba, don ko a mafarki ban zaci za a ba ni zaɓi ba. Na durƙusa masa, ni da furfurata. Ya kau da kai, ya ce in tashi tun na saman bai sauko an rasa duka biyun ba. Na ɗauki tsohon famfo na tsallako.

Asabar da hantsi na sauka a Fassi, mako biyu cif. Soro tana nan inda na bar ta, ciyawa ta fito gefen taya, kaji suna kwance a ƙarƙashinta. Nasiru ya fito, ya dubi buhu, bai gaishe ni ba, ni ma ban nemi gaisuwa ba. Aka shiga da ni. Da ƙyar na gane Maigida. Fuska ta cika har ido ya shige, an tokare shi da filo huɗu, kowane numfashi sai ya yi kokawa da shi. Amma hankalinsa garau. Ya ce a miƙo.

Na ɗora masa a cinya. Ya shafa da hannun dama, yatsunsa suna bin haƙora, har suka kai kan fentin. Suka daɗe a wurin.

"Wannan ai namu ne."

"Shi ne, Maigida. An riƙe sabon a boda."

Na jira faɗa. Na so ya yi faɗa. Sai ya ce a hankali, "Da mun bar shi a jikinta." Ya huta, ya ja iska. "Ni na ce ka cire. Je ka ɗaura."

Ban taɓa ɗaura famfo da sauri irin na ranar ba. Shaidar da na yi wa haƙori tana nan, na daidaita, na ɗaure bututai, na fitar da iska. Nasiru ya murza makulli sau ɗaya, sau biyu, a na uku ta tashi, da baƙin hayaƙinta yadda take tun farko. Mu shida muka ɗauko shi a bargo muka kwantar a gadon. Nasiru yana tuƙi, Hajiya a wajen kansa, ni a ƙasa ina riƙe da ƙafafunsa kada su zame.

Muka wuce Kibiya, muka shigo Rano, ta nan gaban rumfar. Ya buɗe ido ya ce ina muke, na ce tasha. Ya ce, "Gadon nan da daɗi." Bai ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada da Hajiya take laƙanta masa. Kafin Bunkure na ji ƙafafun da ke hannuna sun saki. Hajiya ta ce, "Nasiru, tsaya." Ya gangara gefen hanya, ya zo ya duba, ya shafe masa ido, ya ja bargo ya rufe shi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya koma mazauninsa, ya daɗe riƙe da sitiyari, inji yana ta aiki. Sannan ya juya kan mota.

Bayan addu'ar bakwai na sami Nasiru shi kaɗai, na ce ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Yaya." Iyakar abin da ya ce ke nan, har yau bai ƙara ba, kuma duk inda muka haɗu sai ya rusuna ya gaishe ni. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Motar kuwa bai sayar ba, sadaka ya bar ta. Duk mai marar lafiyar da ba ya iya zama, daga Fassi har Lausu, ya zo a kai masa. Da aka buɗe boda na ce zan koma in samo wani famfon. Ya ce in bar shi.

Shekara huɗu ta ƙara yi a hanya. Ta nan take wucewa, gaban bencin nan, wani makon har sau uku. Tun daga kwanar can nake gane muryarta, in ajiye abin da ke hannuna in kasa kunne. Allah ya yafe mini, fata nake famfon nan ya mutu, ko sau ɗaya ya tsaya da su a hanya, in samu abin da zan ce wa kaina, cewa ai dama dole ne a cire shi. Har ranar da tsatsa ta cinye ƙasan motar aka jingine ta, bai taɓa tsayawa ba.